Wane injin ba taya iska ya dace ka ajiye a motarka ta ɗaukar kaya?

Duk wanda ya shiga neman ƙaramin injin ba taya iska, abin da zai fara gani a jikin kwali shi ne wata lamba da aka rubuta da manyan haruffa: psi 150, wato ma'aunin matsin iska, wani ma 250 ko 300. Wannan lambar ce ta fi yaudarar masu saye. Ɗan injin da bai wuce tafin hannu ba yana iya kai matsin 150 idan an toshe bakin tiyonsa, amma a haɗa shi da tayar a-kori-kura da ta sace, sai ya share rabin awa yana kuka, ya ɗau zafi, wataƙila ya ƙone taya ba ta tashi ba. Tayar motar kaya iska mai yawa take ci. Saboda haka abin tambaya shi ne: lita nawa injin yake turawa a minti ɗaya idan taya ta fara tauri, kuma minti nawa yake iya yi bai huta ba?

## Abubuwan da za a auna

Matsin da tayarka ke buƙata. Ka duba takardar da ke manne a jikin ƙofar direba, ko littafin mota. Lambar da ke gefen taya iyaka ce, wato abin da ba a so a wuce, ba ita ce ake nema kullum ba. A-kori-kura mai tayoyi irin na ƙananan motoci tana zama tsakanin psi 30 zuwa 36. Tayoyin da aka rubuta LT a jikinsu, wato na ƙananan motocin kaya, sun fi haka, gwargwadon ajin ƙarfinsu: aji C iyakarsa 50, aji D 65, aji E kuma 80. Manyan motoci masu wili inci 22.5 suna neman 100 zuwa 120, wasu har 130. Idan gejinka da bar yake aiki, bar ɗaya kusan psi 14.5 ne. Ka zaɓi injin da iyakarsa ta zarce buƙatarka da tazara, domin duk inji yana yin sanyi idan ya kusa iyakarsa.

Yawan iska a minti. Nan ne gizo ke saƙa. Ana rubuta shi da lita a minti ko da CFM, kuma CFM ɗaya lita 28 ne da ɗoriya. Lambar da masu ƙera inji suka fi son nunawa ita ce wadda aka auna tiyo a buɗe, ba matsi ko kaɗan. Da zarar taya ta kai psi 30, lambar ta ragu. A 80 kuwa ta ragu sosai. Kamfanin kirki yana ba da jadawalin iska a matsi daban-daban. Wanda bai bayar ba, ka rage wa lambarsa kashi ɗaya cikin uku kafin ka yi lissafi.

Ga lissafin da zai nuna maka bambancin. Taya mai lamba 265/70R17 cikinta kimanin lita 65 ne. A ce ka rage mata iska zuwa psi 18 don ka ratsa yashi, yanzu kana son mayar da ita 35. Tazarar psi 17 ce, kusan bar 1.2. Ka ninka 65 da 1.2, ka ga taya ɗaya tana neman kusan lita 80 na iska, huɗu kuwa kusan 320. Injin da ke ba da lita 15 na gaskiya zai ci fiye da minti 20, ban da hutu. Mai lita 45 zai gama cikin minti 7 ko 8. Wannan tayar dai, in aji E ce kuma ta sace gaba ɗaya, kai ta psi 80 yana cin kimanin lita 360. Tayar tirela mai lamba 11R22.5 cikinta ya haura lita 100, cika ta daga ƙasa har psi 105 kuwa yana neman lita 800 ko fiye. Ka riƙe waɗannan lambobin a ka, su ne ma'aunin komai da zai biyo baya.

Rabon aiki da hutu. Ana rubuta shi da kashi cikin ɗari. Kashi 33 yana nufin kamar aikin minti 15, hutun minti 30. Kashi 100 yana nufin zai yi ta aiki ba tsayawa. Sai dai ka lura da matsin da aka auna shi: kashi 100 a psi 30 ba ɗaya ba ne da kashi 100 a psi 100. Yawanci kuma a yanayi mai sanyi-sanyi ake aunawa, kusan digiri 22. A tsakar rana, kusa da inji mai zafi, lokacin aikin yana raguwa.

Inda yake shan wuta. Matsa iska aiki ne mai cin ƙarfi, kuma ƙarfin daga wuta yake zuwa. Soket ɗin cikin mota, wanda ake jona cajar waya, fis ɗinsa yawanci amp 10 zuwa 15 ne. A kan 12V, wat 120 zuwa 180 ke nan, ba ƙari. Ko me aka rubuta a kwali, injin da ke shan wuta daga nan ba zai wuce wannan iyakar ba. Wanda ake maƙala wa kan batir kai tsaye yana jan amp 20 zuwa 45, mai silinda biyu har ya haura 60.

Tiyo, waya da baki. Ka auna daga batir zuwa tayar baya mafi nisa, ka ƙara mita biyu. Idan kana jan tirela, ka haɗa da ita. Tsawon ya fi kyau ya fito daga tiyo, domin doguwar waya siririya tana rage wuta, inji ya yi nauyi, wayar ta yi zafi. Bakin tiyo mai ɗaurawa da zare ba ya zubar da iska yayin aiki, amma yana sace kaɗan wajen cirewa. Mai maƙalawa ya fi sauri, kuma yana ba ka damar matsawa gefe. Motar da ke da tayoyin baya biyu-biyu tana buƙatar dogon baki mai fuska biyu, in ba haka ba ba za ka kai ga bawul ɗin tayar ciki ba.

Sai kuɗi da ƙarko, waɗanda za mu duba a ƙarƙashin kowane iri.

## Mai jonawa a soket

Shi ne mafi arha, mafi sauƙin ɗauka, yana shiga ƙarƙashin kujera. Da yawansu suna da allon lamba, ka saita matsin da kake so, su tsaya da kansu. Don ƙara psi 3 ko 4 a tayar da ba ta wuce 35 ba, ya isa.

Matsalarsa a ciki take. Fistin ɗinsa ƙarami ne, silindar siririya, sau da yawa haƙoran da ke juya shi na roba ne. Yana gudu da sauri don ya cike gurbin ƙanƙantarsa, gudun kuma shi ke kawo zafi. Bayan minti 8 zuwa 10 sai ya huta. Wanda ya matsa masa, ɗayan uku zai gani: fis ɗin mota ya ƙone, bakin soket ya narke, ko haƙoran roba su gutsure. Ba a gyara shi, jefarwa ake yi. Ga mai tayoyin LT da ke neman 65 ko 80, kuɗin da aka saka a wannan asara ce.

## Mai batirin kansa

Kala biyu ne, kuma kada a haɗa su. Akwai ɗan ƙarami mai shiga aljihu da ake cajawa kamar waya. Wannan na keke ne da babur da ƙaramar mota, ba na motar kaya ba. Akwai kuma babba mai aiki da batirin kayan aiki na 18V ko 20V, irin na Milwaukee, DeWalt da Makita. Wannan na biyun yana da daɗin aiki ƙwarai: ba buɗe bonet, ba jan waya, ka kai shi gindin taya ka danna. Yana tsayawa da kansa, kuma gejinsa ya fi na masu arha daidai. Masu ƙarfi a cikinsu suna kai tayar LT psi 80.

Iyakarsa batir ne. Batirin 18V mai amp-awa 5 wat-awa 90 kawai yake ɗauke da shi. Ya isa daidaita tayoyi huɗu har sau da dama, amma cika manyan tayoyi daga ƙasa yana shanye shi da wuri. Batirin litiyum kuma ba ya son zafi. Barinsa a cikin mota rufe a rana yana rage masa kwana, yana kuma da haɗari. Abin da ya fi faruwa shi ne a manta da shi wata uku, ranar buƙata a tarar ba caji. Kuɗinsa matsakaici ne idan kana da batir da caja na kamfanin tun da. In sai ka saye su, ya kai ko ya wuce kuɗin inji mai kyau na maƙalawa a batir. Idan za ka saya, ka nemi wanda ke da wayar 12V ta ko-ta-kwana.

## Mai maƙalawa a kan batir, silinda ɗaya

Ga yawancin masu a-kori-kura da matsakaitan motocin kaya, wannan ne ya fi dacewa, kuma a nan ya kamata a tsaya a duba da kyau, domin tazarar da ke tsakanin mai kyau da na banza tana da faɗi.

Misalai daga kamfanin VIAIR za su nuna yadda ake karanta lambobi. Samfurin 88P ƙarami ne: CFM 1.47, iyakar psi 120, an yi shi don tayoyin da tsayinsu bai wuce inci 33 ba. Samfurin 400P yana ba da CFM 2.3, iyakar psi 150, yana jan amp 30, rabon aikinsa kashi 33 a psi 100. Samfurin 450P kuwa CFM 1.8 ne kawai, amma rabon aikinsa kashi 100 a psi 100. Ka ga na biyun ya fi sauri, na ukun ya fi juriya. Mai tayoyi huɗu na psi 35 ya fi amfana da mai sauri, don zai gama kafin lokacin hutu ya yi. Mai tayoyi shida na psi 80, da tirela a baya, mai juriya ne nasa.

Abin da ke nuna ƙarko: silinda da kai na ƙarfe mai fikafikan sanyaya, matatar iska da ake cirewa a wanke ko a canja, fis a jikin waya kusa da maƙalin ja, na'urar da ke kashe inji idan ya yi zafi, da tiyon da ake cire shi daga jikin inji. Na ƙarshen nan yana da muhimmanci, domin daidai inda iska ke fita daga kai nan ne ya fi zafi, kuma nan ne tiyon roba mai arha yake narkewa ko ya fashe. Ka tambaya ko ana samun zoben fistin da bawul ɗin ciki daban. Waɗannan injina ba a zuba musu mai. Zoben fistin ɗin ne ke cinyewa a hankali, ƙura kuma ita ke gaggauta cinyewar. Idan inji yana ƙara kamar kullum amma taya ba ta tashi, yawanci zoben ne ya ƙare, ko siririn bawul ɗin da ke cikin kai ya karye.

Yadda ake aiki da shi yana ƙara masa kwana. Ka ja birkin hannu, ka bar injin mota a kunne don caja ta riƙa ba da wuta, in ba haka ba amp 30 zai shanye batir, ƙarancin wuta kuma yana ƙona fis. Wannan a fili ake yi, ba a gareji rufe ba, saboda hayaƙi. Maƙalin ja a kan batir mai alamar +, baƙi a kan ɗayan. Ka ɗora injin a kan abu mai tauri, ba a yashi ba, don kada ya zuƙi ƙasa. Idan ba shi da na'urar kashe kansa, ka kunna shi tukuna sannan ka haɗa baki da bawul, domin tashi a ƙarƙashin matsi yana sa ya ja wuta fiye da kima. Gejin da ke jikinsa yana nuna sama da gaskiya yayin da yake aiki, don haka ka kashe, ka bari allura ta zauna, sannan ka karanta. In ka gama, kada ka taɓa kan injin da hannu, yana ƙuna.

Kuɗinsa matsakaici ne, yana ninka na soket sau da dama, amma mai kyau yana shekaru.

## Mai silinda biyu, da wanda ake ɗaurewa a jikin mota

Wannan na mai rage iska da mayarwa ne a kai a kai, ko mai manyan tayoyi inci 35 zuwa sama. Mai silinda biyu na kamfanin ARB yana ba da kusan lita 174 a minti tiyo a buɗe, kuma rabon aikinsa kashi 100. Irin wannan yana da tsada, yana da nauyi, yana jan wuta mai yawa. Akwai masu arha da ke da'awar lambobi irin waɗannan. Suna da sauri da gaske, amma wayarsu da makunninsu ne ke fara ƙonewa. Wani abin lura: bawul ɗin taya ƙaramin rami ne, akwai iyakar iskar da yake wucewa. Shi ya sa masu irin wannan inji ke amfani da tiyo mai rassa biyu ko huɗu, su cika tayoyi tare, matsin ya daidaita da kansa.

Ɗaure inji a jikin mota yana kawar da wahalar fitarwa da maƙalawa, amma aikin mai wayarin ne da ya san aikinsa: waya mai kauri, fis dab da batir, rile (makunnin da wuta ke kunnawa), makunnin matsi, da wurin da ruwa da laka ba sa kaiwa. Masu ƙara tanki su sani cewa ƙaramin tanki ba ya ƙara saurin cika tayoyi sosai. Tankin lita 8 da ke cike a psi 150, in ya sauka zuwa 35 bai ba da fiye da lita 65 ba, bai ma cika buƙatar taya ɗaya a lissafinmu na sama ba. Amfaninsa shi ne bugun iska na farat ɗaya: hure ƙura, zaunar da bakin taya a wili, ko ɗan aiki da bindigar kwance noti. Tanki yana tara ruwa, dole a riƙa buɗe magudanarsa, kuma dole ya kasance da bawul ɗin kariya.

Akwai kuma tukunyar iskar CO2. Tana da sauri, ba ta neman wuta, amma matsin cikinta ya haura psi 800, sai an tsayar da ita a ɗaure, ba ta son zafi, kuma in ta ƙare sai an kai ta an cika.

## Babbar mota mai birkin iska

Direban tirela ko tifa yana da kwamfaresa, wato injin matsa iska, a jikin injinsa wanda ya fi duk waɗannan ƙarfi. Abin da yake buƙata dogon tiyo ne, kamar mita 15, mai kai irin na layin iskar tirela a gefe ɗaya da bakin da ake haɗawa da bawul ɗin taya a ɗayan. Ana jona shi a layin iskar tirela mai launin ja, a danna jan maɓallin iskar tirela, a bar birkin ajiye mota a ɗaure, a sa wa tayoyi waigi, inji a kunne. Wasu motocin ma suna da wurin jona tiyon taya na musamman. Kuɗinsa kaɗan ne, abin lalacewa a jikinsa ba yawa. Iyakarsa ita ce matsin motar kanta, wanda yawanci yake yankewa tsakanin psi 120 zuwa 135 ya kuma sauka kafin ya sake ɗauka. Da taya ta kusa 105 sai shigar iska ta yi sanyi.

Idan za a ƙara inji mai wuta a irin wannan mota, a tabbatar ya dace da wutar motar: in 24V ce, mai batir biyu, a sa na 24V. Jona na 12V a duka batiran zai ƙone shi nan take. Jona shi a batir ɗaya cikin biyun kuwa yana sa ɗaya ya fi ɗaya caji, su mutu da wuri.

| Iri | Iska a minti, kimani | Kuɗi | Ƙarko | Sauƙin aiki | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Na soket | lita 10 zuwa 20 | kaɗan | ƙasa | mai sauƙi | ƙonewar fis, narkewar soket |
| Mai batirin 18V | lita 15 zuwa 40 | matsakaici | mai kyau | mafi sauƙi | batir ba caji, zafi |
| Na kan batir, silinda ɗaya | lita 35 zuwa 70 | matsakaici | mai kyau ƙwarai | sai an buɗe bonet | ƙuna, shanye batir |
| Silinda biyu ko na ɗaurewa | sama da lita 100 | mai yawa | ya danganta da kamfani da wayarin | mai sauƙi bayan ɗaurawa | zafin waya, ruwa a tanki |
| Tiyon birkin iska | mai yawa | kaɗan | mai kyau ƙwarai | matsakaici | fashewar taya, motsin mota |

## Haɗarin da ya shafi kowa

Taya mai psi 80 ko 100 tana kashe mutum idan ta fashe. Wadda aka yi tafiya da ita a sace, ko da iskar da ba ta kai kashi 80 cikin ɗari na abin da ya kamata ba, wayoyin gefenta kan gaji su tsinke a ciki ba a gani, sai ta tsage lokacin ba ta iska. Irin wannan a sa safaya, a kai ta wurin mai gyaran taya ya cire ya duba cikinta. Yayin ba da iska ka tsaya ta ɓangaren da taya ke taka ƙasa, nesa kaɗan, ba daura da gefenta ba. In ka ji ƙaras-ƙaras ko ka ga kumburi, ka kashe inji. Wili mai zobe da ake harhaɗawa ba a ba shi iska daga ƙasa sai a cikin keji. Wajen zaunar da bakin taya ba a wuce psi 40, kuma ba a zuba fetur a kunna wuta don a yi sauri.

Ka auna taya tana da sanyi, wato mota ta yi awa uku a tsaye. Bayan tafiya matsin yana hawa da psi kaɗan, kuma ba a rage shi. Ka ajiye geji na daban mai kyau, da ruwan sabulu don gano inda iska ke sacewa. Sau da yawa ƙwayar bawul ce ta saki, ba ƙusa ba.

## Wa ya dace da wanne

Mai a-kori-kura da ba ya barin kwalta, tayoyinsa psi 35, yana son ɗan ƙari lokaci-lokaci: na soket mai kashe kansa zai yi, ko ƙaramin na kan batir irin 88P in yana son abin da zai daɗe.

Mai sana'ar da ke yawo da batiran 18V kullum a caje: ya sayi na kamfanin batirinsa.

Mai tayoyin LT na psi 65 zuwa 80, mai ɗaukar kaya masu nauyi ko jan tirela: na kan batir, iyakar psi 150, mai rabon aiki kashi 100, da dogon tiyo da baki mai fuska biyu idan tayoyin baya tagwaye ne.

Mai ratsa yashi da taɓo, wanda ke rage iska da mayarwa duk tafiya: silinda ɗaya mai CFM 2.3 zuwa sama in tayoyinsa ba su wuce inci 33 ba, silinda biyu da tiyo mai rassa in sun kai 35.

Direban babbar mota mai birkin iska: tiyon mita 15, waigi biyu, da gejin da ke karanta har psi 160.